KARATUN ILMIN SINADARAI A JAMI'A: JAGORA GA IYAYE DA ƊALIBAI

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin wayar da kan jama'a game da wani fanni na ilmi wanda ƙasar nan take bukata ƙwarai, amma mutane da yawa ba su san yadda ake karatunsa ba, balle su san abin da mai shi yake yi bayan ya gama. Fannin kuwa shi ne ilmin sinadarai, wanda 'yan makaranta suke kira kemistiri. Sau da yawa yaro yakan shiga wannan fanni ne bayan ya nemi aikin likita bai samu ba, sai ya yi shekara huɗu yana karatu da sanyin jiki, iyayensa kuma suna ganin an yi hasara. Wannan kuskure ne, kuma dalilinsa rashin bayani.

Domin bayani ya fito fili, an ɗauki misali da yaro ko yarinya daga unguwar Herwagana a cikin birnin Gombe. Amma abin da za a faɗa ya shafi ɗan Sakkwato da ɗan Zariya da ɗan Legas baki ɗaya, gama tsarin jami'o'in Nijeriya ɗaya ne.

1. MENE NE ILMIN SINADARAI?

Ilmin sinadarai shi ne binciken abin da aka gina kowane abu da shi, da yadda abu yake rikiɗa ya zama wani idan ya gamu da ɗan'uwansa, ko da wuta, ko da iska. Masana sun gano cewa duk abin da ke duniya, daga ruwa har ƙarfe har jikin ɗan Adam, an haɗa shi ne daga waɗansu sinadarai na asali. Waɗanda aka sani yanzu 118 ne. Daga cikinsu akwai ƙarfe da zinariya da dalma da farar wuta, waɗanda Bahaushe ya san su tun da daɗewa, akwai kuma irin su oksijin da haidurojin da naitirojin da kabon.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Alal misali, marini a karofin Ƙofar Mata ta Kano yakan zuba baba da toka a rijiyar rini ya bar su su ruɓa. Idan ya tsoma zane ya fid da shi, sai a gan shi kore-kore, jim kaɗan kuwa sai ya koma shuɗi. Dalili shi ne launin baba ba ya narkewa a ruwa sai ruwan toka da ruɓar nan sun juya shi, sa'an nan iskar oksijin ta mai da shi yadda yake a cikin zaren zane, ya kama ke nan. Haka majemi da yake jima da bagaruwa, da mace mai dafa sabulun salo da toka da mai, da maƙerin da ya fid da ƙarfe daga tama, duk aikin sinadarai suke yi. Abin da jami'a ta ƙara shi ne awo da lissafi da sanin dalili.

Sanin dalilin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wani Bajamushe mai suna Adolf von Baeyer ya binciki launin baba har ya iya haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma a shekarar 1897 aka fara sayar da baban masana'anta a kasuwannin duniya. Daga nan noman baba ya durƙushe a Indiya, daga bisani kuma launin kanti ya ci kasuwar karofi da yawa a nan. Mai sanin dalili ya karɓe sana'ar daga hannun mai gado.

Ita kanta kalmar ta ratso ta Larabci ne, watau alkimiya. Malamai irin su Jabir ibn Hayyan da Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, sun yi rubutu a kan tacewa da narkarwa da turarawa. Daga baya Lavoisier na Faransa ya kafa ilmin a kan ma'auni cikin littafinsa na 1789, sa'an nan Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai cikin jadawali a 1869, wanda har yau shi ne allon farko na kowane ɗalibi.

2. SHARUƊƊAN SHIGA

Shiri yana farawa ne tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai. Wanda bai shiga ajin kimiyya ba, ƙofa ta rufe masa tun daga nan. Saboda haka wajibi ne uba ya binciki ajin da aka sa ɗansa, kada ya bari sai an zo jarrabawar fita.

Ana bukatar ɗalibi ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, cikinsu har da Turanci da lissafi da kemistiri da fiziks, na biyar kuwa yawanci ilmin halittu ne. Bayan haka sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. A nan zai zauna Turanci da kemistiri, da biyu daga cikin fiziks da lissafi da ilmin halittu, gwargwadon abin da jami'ar da ya zaɓa ta nema. Wanda kuma yake da shaidar NCE ko difloma ko IJMB mai kyau yana iya neman shiga kai tsaye zuwa shekara ta biyu.

A da, ɗan Gombe mai son wannan karatu sai ya yi tafiya zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ko Maiduguri, ko Kano, ko Bauchi. Bayan an ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996, an kafa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada a 2004, sai kuma Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011, kuma dukansu suna koyar da wannan fanni. Yarinyar Herwagana tana iya yin digirinta yanzu tana kwana a ɗakin mahaifiyarta. Uzurin nisa ya kau.

3. SHEKARA TA FARKO

Digiri na farko yawanci shekara huɗu ne, kowace shekara zango biyu. A shekarar farko ɗalibi ba ya zama da 'yan sashensa kaɗai. Da shi da masu nufin ilmin halittu da fiziks da sauransu duk aji ɗaya suke, wani lokaci su kai ɗaruruwa. Ana karanta kemistiri na share fage, da lissafi, da fiziks, da ilmin halittu, da darussan bai ɗaya irin su Turanci.

A nan ake koyon ginin ƙwayar zarra, watau atam, da yadda ƙwayoyi suke ƙulluwa da juna, da jadawalin sinadarai, da asid da kishiyarsa alkali. Wannan na ƙarshe kowa yana iya gwada shi a gida. A zuba ɗan ruwan kanwa a cikin jan zoɓo, sai launinsa ya yi duhu ya karkata wajen kore. A matsa lemon tsami a ciki, sai ja ya dawo. Kanwa alkali ce, lemon tsami asid ne, zoɓo kuwa shi ne mai shaida. Masana suna auna wannan da ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 14, ruwa tsarkakakke yana kan 7.

Dutsen da ya fi kayar da ɗalibai a wannan shekara shi ne lissafin nauyi. Ga misalinsa. Idan aka gasa kilo 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa, za a sami kilo 56 na farar ƙasa gasasshiya, kilo 44 kuma ya tashi ya zama iskar kabon. A haɗa 56 da 44, an koma 100, domin abu ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. Da irin wannan lissafi ne masana'antar siminti take sanin yawan dutsen da za ta fasa kafin ta cika buhu dubu. Haka kuma takin yuriya kashi 46 cikin ɗari nasa naitirojin ne, watau buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na abin da shuka take bukata. Ɗalibin da ya ƙware a wannan lissafi ya kafa harsashi. Wanda ya haddace shi ba tare da fahimta ba, zai yi ta tuntuɓe da shi har ya fita.

Ya kamata a sani kuma cewa makin shekarar farko yana bin ɗalibi har ƙarshe, gama ana tara maki ne tun daga zangon farko. A jami'o'in da suke awo bisa 5, mai 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya, mai 3.50 zuwa 4.49 yana da daraja ta biyu babba. Da yawa sukan yi sakaci da farko, su farga a shekara ta uku, lokacin da gyara ya yi wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. SHEKARA TA BIYU DA TA UKU

Daga shekara ta biyu aji yakan ragu, karatu kuma ya rabu zuwa manyan rassa huɗu.

Reshe na farko shi ne na sinadarai masu ɗauke da kabon, wanda ake kira oganik. A cikinsa man fetur yake, da man gyaɗa, da sukari, da roba, da yawancin magunguna. A da ana zaton irin waɗannan sai mai rai ne kaɗai yake iya samar da su, har sai da Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji a 1828.

Na biyu shi ne na ma'adinai da ƙarafa da gishiri iri-iri. Mai son aikin siminti ko gilashi ko haƙar ma'adinai, nan ne gidansa.

Na uku shi ne na awon zafi da ƙarfi da sauri. Shi ke bayyana dalilin da ya sa nono yake saurin tsami da bazara, da yadda batir yake ba da wuta. Wannan reshe lissafi ne zalla, kuma shi ne hujjar cewa bai kamata ɗalibi ya yi watsi da lissafi ba.

Na huɗu shi ne na tantancewa, watau amsa tambaya biyu: mene ne a cikin wannan abu, kuma nawa ne? Yawancin ayyukan da ake ɗaukar masu wannan digiri a Nijeriya sun dogara ne a kan wannan reshe.

Kowane reshe yana da aikin ɗakin gwaji, kuma a nan ake bambanta mai ilmi da mai hadda. Ɗalibi zai koyi auna nauyi daidai, da ɗiga ruwan magani ɗigo-ɗigo daga bututun gilashi mai ma'auni har launi ya juya, da tacewa, da turarawa, da rubuta rahoton abin da ya gani. Ɗakin gwaji yana da dokoki waɗanda ba a wasa da su:

(a) A sa farar riga da tabarau na kariya da takalmi rufaffe.
(b) Kada a ci, kada a sha, kada a ɗanɗana kome.
(c) Asid ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali. Ba a zuba ruwa cikin asid, domin yakan tafasa ya fantsamo a fuska.
(d) Ɗaliba ta sa ƙaramin hijabi na auduga ta cusa shi cikin farar riga, gama yadin roba yana saurin kama wuta.
(e) A rubuta abin da aka samu, ko da bai yi daidai da na littafi ba. Ƙirƙirar sakamako cin amana ne.

Yawanci a shekara ta uku ne ake tura ɗalibai horon masana'antu na waɗansu watanni, a ƙarƙashin shirin SIWES wanda asusun ITF ya fara a 1973. Ɗan Gombe yana da wuraren da zai nema kusa da gida. Akwai kamfanin siminti na Ashaka, wanda ya fara aiki a 1979, inda ake gasa dutse da yumɓu a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, ana kuma gwada abin da ya fito dare da rana. Akwai matatar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola, wadda take shayar da birnin Gombe, inda ake sa alam don laka ta kwanta, a sa kilorin don a kashe ƙwayoyin cuta. Akwai ɗakunan gwaji na asibitoci da na masu ruwan leda. Ɗalibin da ya sa hannu a takarda ya koma gida ya kwanta, kansa ya cuta.

5. SHEKARA TA HUƊU

A shekarar ƙarshe ana ba kowane ɗalibi malami mai duba shi, da wata tambaya da zai bincika da hannunsa, ya rubuta kundi, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Tambaya mai amfani ba sai an je nesa ba. Ɗan Herwagana yana iya ɗibar ruwan rijiyoyi goma na unguwarsu, waɗansu kusa da kwata ko masai, waɗansu nesa, ya auna gishirinsu da tsaminsu da ƙarafan da ke ciki, ya gwama da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Wani yana iya tatsar man ɗanyen iri ya gwada ingancinsa wajen yin sabulu. Wata tana iya binciken abin da ke cikin kwalli, tun da an sha samun dalma a waɗansu irinsa.

Bayan kammalawa sai hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, wadda aka kafa a 1973. Sa'an nan mai son yin aiki da sunan masanin sinadarai ya nemi rajista da cibiyar ICCON, wadda doka ta kafa a 1993. Akwai kuma Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, mai shirya taro kowace shekara.

6. DIGIRI NA BIYU DA NA UKU

Digiri na biyu yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye. A nan ɗalibi yake zaɓar reshe ɗaya ya nutsa a ciki. Digiri na uku kuwa, watau na dakta, ba ya kasa shekara uku, kuma sharaɗinsa shi ne mutum ya gano abin da ba wanda ya riga shi ganowa, ya buga shi a mujallar masana inda waɗansu za su tankaɗe shi su rairaye.

Irin wannan bincike yana bukatar na'urori masu tsada: masu auna ƙarfe a cikin ruwa ko jini ta hanyar haske, da masu rarrabe gauraye ɗaya bayan ɗaya, da masu nuna surar ƙwayar sinadari ta hanyar maganaɗisu. Ba kowace jami'a ce take da su duka ba, inda suke kuma matsalar lantarki da gyara takan tsai da aiki. Don haka ɗalibi yakan ɗauki samfurinsa zuwa wata jami'a, ko cibiyar NARICT da ke Basawa a Zariya, ko ma ƙasar waje. Wannan gaskiya ce da ya kamata mai niyya ya sani tun da wuri, ya yi tanadin kuɗi da haƙuri.

Duk da haka an yi abin a zo a gani. Cibiyar NIPRD ta Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa, ta bincike shi, ta fitar da maganin amosanin jini mai suna Niprisan. A ƙasar Sin, wata mace mai suna Tu Youyou ta tatso maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani tsiro dangin tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma maganin da ake sha yau a kowane asibitin Nijeriya daga bincikenta ya samo asali. Ahmed Zewail ɗan Masar, wanda ya yi digirinsa na farko a Iskandariya, ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 1999.

7. ME YA SA ƘASA TAKE BUKATAR SU?

Abubuwa uku da suka auku sun isa amsa. A ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya saboda wani maganin haƙoran jarirai da aka haɗa da gurɓataccen sinadari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, domin ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida ba a san yana ɗauke da dalma ba. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, abin da ya shafi jihohi masu noman wake irin su Gombe. A duk ukun, gwaji a kan lokaci da ya tsare rai da dukiya.

Don haka ne hukumomi irin su NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, da hukumomin ruwa da na muhalli, suke ɗaukar masu wannan ilmi. Haka masana'antun siminti da taki da sabulu da fenti da magunguna da matatun mai. A Nuwamba 2022 an ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, ga kuma kwal na Maiganga a ƙaramar hukumar Akko. Arzikin ƙasa irin wannan, idan 'yan gida ba su da ilmin sarrafa shi, sai su zama 'yan kallo.

Ba a ce kowane mai digiri zai sami aikin ofis nan da nan ba. Guraben ba su kai yawan masu nema ba. Amma makarantun sakandare suna ƙishirwar malaman kimiyya, musamman mata, kuma wanda ya iya aikin hannu yana iya kafa 'yar masana'antar sabulu ko man shafawa ko fenti, ya yi mata rajista bisa doka, ya ci ya ciyar.

8. KUƊIN KARATU

Ban da kuɗin rajista, ɗalibi yana bukatar farar riga, da na'urar lissafi, da littattafai, da kuɗin bincike a shekarar ƙarshe. Jihohi suna da hukumomin ba da tallafin karatu, Gwamnatin Tarayya ma tana da tata. Tun 2024 asusun NELFUND yake ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rancen da ba ruwa a cikinsa. Ga masu neman digiri na biyu da na uku akwai asusun PTDF, malaman jami'a kuma suna da TETFund. Duk waɗannan ta hanyar ofis ko shafin hukuma ake nemansu. A yi hattara da masu karɓar kuɗi da sunan samar da gurbi.

KAMMALAWA

Ana kira ga iyaye da su tabbatar 'ya'yansu, maza da mata, sun riƙe lissafi tun daga firamare, su kuma tambayi hukumar makaranta ko ɗakin gwajinta yana aiki. Ana kira ga ƙungiyoyin iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai, da masu hannu da shuni, su taimaka da kayan gwaji, domin yaron da bai taɓa riƙe bututun gilashi ba sai ranar jarrabawa an zalunce shi. Ana kira ga masu unguwanni da limamai su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Ɗalibin da aka ba wannan fanni kuma, ya karɓe shi hannu biyu. Wanda ya gama karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa maƙwabcinsa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin ba da shawara na makarantarsu, ko ofishin JAMB na jiharsa, ko sashen kemistiri na jami'a mafi kusa.